Ummi ta ce shirya taro za ta karanta a jami'a, ku ba ni shawara

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Ummi ta gama sakandare bana, sakamako ya yi kyau, alhamdulillahi. Mun zauna da Abbanta kan abin da za ta cike a fom ɗin JAMB. Shi aikin jinya yake so mata, ko haɗa magunguna. Sai yarinya ta ce ita ilimin tsara taruka da bukukuwa take so. Abbanta bai ce mata komai ba, amma da daddare ya ce mini, "Yanzu shekara huɗu za mu yi muna biyan kuɗin makaranta don ta koyi jera kujeru?" Na rasa amsar ba shi. Abin da na sani shi ne, tun tana ƙaramar sakandare duk sunan da za a yi a dangi ita ke riƙe da littafi: wa ya kawo me, tukunya nawa aka ɗora, wane ɗaki ne bai samu abinci ba. A bikin ƙanwata bara ita ta fitar da mu kunya. To akwai wannan kwas ɗin da gaske? Ana cin abinci da shi? Ya dace da 'ya mace?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai ina bayan maigidanki. Shekara goma sha huɗu ina ba da hayar rumfa da kujeru, kuma duk masu shirya bikin da nake hulɗa da su babu wadda ta taɓa nuna mini takardar digiri. Waya suke da ita, da jama'a, da jari. Ta yi aikin jinyar, bikin ta riƙa yi Asabar da Lahadi.

Hajiyar Gwale:
Maman Ummi, sannu da ƙoƙari. Ni na fi shekara ashirin ina wannan hidima, tun ba a ce mana masu shirya taro, uwar biki kawai ake cewa. A wurin gwaggona na koya. Ita ce ta nuna mini yadda ake ƙiyasta shinkafar wuni, da yadda za ki gane dangin ango sun fara jin haushi tun kafin su buɗe baki, da wanda ake fara kai wa abinci ko da shi ya zo ƙarshe. Babu malamin jami'ar da zai koya wa yarinya wannan. Amma zan faɗi abin da yake damuna, don kin ce a faɗi gaskiya. Sau biyu ana kirana aikin taron wata ƙungiya, ba biki ba, taron kwana uku a otal. Suka ce in kawo tsarin aiki a rubuce da kasafin kuɗi dalla-dalla da takardar rajistar kamfani. Ban iya ba. Wata yarinya da na haifi kamarta ta karɓi aikin, daga baya ta dawo ta ɗauke ni in yi mata girki da ado. Ribar da ta samu a kwana ukun nan ta fi ta bikina huɗu. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Malam Na Samaru:
Hajiya Maman Ummi, bari in fara da tambayarki ta farko. Kwas ɗin yana nan, amma a Najeriya da wuya ki ga digiri da aka sa wa wannan suna shi kaɗai. Yawanci yana ƙunshe ne cikin karatun kula da baƙi da otal-otal da yawon buɗe ido, a wasu jami'o'i da kuma makarantun poli. Akwai kuma cibiyar gwamnatin tarayya ta NIHOTOUR, wadda ke da reshe a Bagauda, tana ba da horo a wannan fanni. Kafin ku cike komai ku buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB na bana ku ga makarantar da ke yi da darussan da take buƙata, sannan ku tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da kwas ɗin idan jami'a ce, ko hukumar ilimin fasaha ta NBTE idan poli ce. Yara da yawa sun gama karatu sun kasa tafiya hidimar ƙasa saboda ba a duba wannan ba.

Sai maganar jera kujeru. Ki gaya wa Alhaji ado shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake koyarwa. Ana koyar da kasafi, da rubuta yarjejeniya da mai ɗakin taro da mai abinci, da neman masu ɗaukar nauyi, da talla, da tsaftar abinci, da inshora. Kuma akwai darasin da ni a wurina shi ne ƙashin bayan karatun: yadda ake tafiyar da cunkoson jama'a. A watan Disamban 2024, cikin mako guda, yara 35 suka mutu a wurin wani taron yara a Ibadan, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, mutum 10 a Abuja, duk a wuraren da aka tara jama'a don a ba su abin alheri. Masu taron nan ba mugunta suka nufa ba. An gayyaci dubbai, ƙofa ta yi kaɗan, babu layi, babu wanda ya lissafa mutum nawa filin zai ɗauka. A ilimin nan an san cewa idan mutane suka haura biyar a fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, an shiga haɗari, domin daga nan mutum ba shi ke tafiyar da ƙafarsa ba, jama'a ke tafiya da shi. Kuma yawancin waɗanda ke rasuwa ba tattake su ake yi ba, matse ƙirji ne ke hana su numfashi suna tsaye. Wanda ya san wannan, daga kallon ƙofa zai ce a dakata.

Ɗan Fagge:
Malam, da girmamawa, wannan ai aikin 'yan sanda ne da jami'an tsaro. Me ya haɗa yarinya mai shirya kamu da turmutsutsu?

Malam Na Samaru:
Ɗan Fagge, ɗan sanda yana zuwa ne ranar taro, ya tarar da ƙofar da aka riga aka zaɓa da lokacin da aka riga aka sanar a rediyo. Kuskuren tun makonni kafin nan aka yi shi a kan takarda. Kuma kai da kanka ka sha shiga ɗakin biki mai ƙofa ɗaya, an rufe tagogi da labulen ado, wayoyin lantarki a ƙasa, janareta a bakin hanyar fita. Ka taɓa tambayar kanka ta ina mata ɗari huɗu da goyo za su fita idan wuta ta tashi?

Ɗan Fagge:
Wannan kam gaskiya ne, na sha gani. Amma har yanzu ban ga abin da zai ci shekara huɗu ba. Wata shida ya isa.

Alhaji Baba Tudun Wada:
Ni damuwata ba kuɗi ba ce. 'Yata, ki yi tunani a kan irin wuraren da sana'ar nan za ta riƙa kai yarinya. Dina har sha biyun dare, maza da mata a cakuɗe, kiɗa, ga otal. Budurwa ce, akwai aure a gabanta. Wane miji ne zai yarda matarsa tana dawowa tsakar dare daga bikin mutanen da bai sani ba? Ba don banza Hisba take sa ido a kan gidajen biki a Kano ba.

Anti Mai Ado:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka abin dubawa ce, kuma mahaifina ya faɗa mini irinta. Amma ka duba ta ɗaya gefen. Sa lalle, kamu, wuni, walimar mata, saukar Alƙur'ani ta Islamiyya, duk tarukan mata ne. Idan babu mata masu ilimin tsara su, maza ne za su riƙa shigowa da kyamara da lasifika suna ratsa matan aure. Ni iyaye da yawa suna kirana ne musamman don ma'aikatana duka mata ne, har mai ɗaukar hoto. Kuma tun farko nake faɗa wa mai biki sharaɗina: ana tashi kafin tara, ana tsayawa salla. Wanda bai yarda ba, ya nemi wata. Na rasa wasu ayyuka, amma ban rasa abinci ba.

Maman Ummi, ni ilimin ƙananan halittu na karanta, na shigo wannan sana'a da ka. Bari in ba ki labarin abin da rashin ilimin ya jawo mini a shekarata ta biyu. Na karɓi bikin mutum ɗari uku. Na biya rabin kuɗin ɗakin taro, da baki kawai muka yi magana da manajan, ko rasit ban karɓa ba don ɗan unguwarmu ne. Saura kwana huɗu ya kira ni wai an samu kuskure, wani ya riga ni kama ranar. Na samu wani wuri da ninkin kuɗi, daga aljihuna. Ranar biki mutum ya kusa ɗari shida, domin uwar amarya ta raba kati, uwar ango ma ta buga nata ba ta gaya mini ba. Abinci ya ƙare kafin dangin ango su zauna. Janareta ya mutu ana tsakiyar shigo da amarya, kuma ban tanadi na biyu ba. Na sayar da sarƙata na biya bashi. Har yau idan na haɗu da mai bikin nan a wurin suna, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk abin da ya faru ranar, daga baya na gan shi a babin farko na wani kwas ɗin wata uku da na yi: a rubuta yarjejeniya, a ware kaso na ko-ta-kwana a kasafi, mutum ɗaya ne zai riƙe lissafin kati, kowane abu mai muhimmanci a yi masa madadi. Da na sani tun farko, da sarƙata tana wuyana.

Hajiyar Gwale:
Allah sarki 'yata. Katin uwar ango kam, duk wadda ta daɗe a harkar nan ta sha shi. Ni yanzu tun ranar sa rana nake zaunar da iyayen biyu wuri ɗaya.

Baƙon Leeds:
Ni na yi digiri na biyu a wannan fanni a Ingila. A can abin ya kafu, jami'ar Leeds Beckett tun 1996 take koyar da shi a matsayin digiri mai zaman kansa, kuma ɗalibai da yawa suna ƙara shekara guda ta aiki a kamfani kafin su gama. Na ƙaru ƙwarai, musamman a tantance haɗari da tsara jadawali minti-minti. Amma Hajiya, kada wani ya sa ku sayar da fili don a tura ta waje a digirin farko. Kuɗin ya yi yawa da canjin yanzu, kuma rabin abin da littattafansu suka ginu a kai ba ya aiki a nan. A can wanda aka gayyata yana amsawa cewa zai zo ko ba zai zo ba, kujera da sunansa. A nan kati ɗaya mutum biyar ne, ban da 'yan gayyar soɗi, kuma ba ka isa ka kori maƙwabci daga ɗaurin aure ba. A can ba a koya mini cewa isowar hakimi ko wakilin sarki za ta sake tsarin zama gaba ɗaya ba, ko cewa duk jadawalin da bai bar gurbin La'asar da Magariba ba ya rushe tun kafin a fara. Da na dawo sai da na yi shekara ina bin wani dattijo mai shirya tarukan ƙungiyoyi a Kaduna kamar ɗan aike, sannan karatun ya zauna.

Jikan Dogari:
Ku yi haƙuri in sa baki, abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake magana kamar Turawa ne suka ƙirƙiro tsara taro. Ku dubi hawan salla a Kano. Hawan idi, hawan Daushe, hawan Nasarawa, sai Ɗorayi ko Fanisau. Dubban dawakai, kowane hakimi ya san gurbinsa a jeri, ya san lokacin da zai kai jafi, dogarai da 'yan lifida da 'yan bindiga kowa da inda yake tsayawa. Shamaki da sauran manyan bayin sarki sun gaji wannan aiki kaka da kakanni, ba takarda. A 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Haka bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake dangantawa da ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi ya kai a 1934, shi ma ya shiga jerin a 2016. Masunta dubbai ne ke jiran alama ɗaya kafin su faɗa ruwan Matan Fada. Wa ya koya wa Sarkin Ruwa wannan a jami'a?

Malam Na Samaru:
Jikan Dogari, ban ƙi ta taka ba ko kaɗan, kuma ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Wannan ilimi yana kan dattawa, kuma dattawa suna tafiya. Wa ya zauna da su ya rubuta yadda ake tsara jerin hawa? Sannan akwai ɓangaren da fada ba ta saba da shi ba: baƙon da ya taso daga wata ƙasa don kallon hawan Daushe, ina zai sayi tikiti, ina zai zauna, wa zai yi masa bayani, ina bayan gida, ina motar asibiti? A nan ne muke barin kuɗi a ƙasa. Idan yaranmu irin su Ummi ba su karanta ba, wasu ne za su zo daga Legas ko waje su karɓi kwangilar, mu kuma a bar mu da hayar kujeru.

Ɗan Fagge:
Malam, hayar kujerun nan ita ta aurar da ƙannena uku. A riƙa sassautawa.

Malam Na Samaru:
Ka yafe ni ɗan'uwa, wallahi ba raini na nufa ba. Nufina babban kason ya riƙa tsayawa a hannunmu, har da kai.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum daga Nijar. Mu nan babban taronmu shi ne kokowar takobi, tun 1975 da aka fara a Tawa, kuma tana zagaya jihohi takwas. Duk garin da zai karɓa, sai ka ga an shiga neman masauki, da abincin 'yan kokowa da makaɗa, da tsarin shiga fili, da watsawa a talabijin. Kowace shekara ana buƙatar masu wannan aiki, kuma mutane kaɗan ne suka iya. Hajiya, ki bar yarinya ta koya, kasuwarta ba Najeriya kaɗai ba ce.

Tsohon Jami'in Alhazai:
Na yi shiru ina karantawa, amma da Malam ya ambaci cunkoso sai na kasa daurewa. Ina Mina a 2015, lokacin turmutsutsun alhazai. Ba zan ba da labarin abin da idona ya gani ba, 'yan Najeriya da yawa ba su dawo ba, Allah ya karɓi shahadarsu. Abin da nake so a gane shi ne, jadawalin jifa da ake ba kowace ƙasa, da hanyar shiga daban ta fita daban, da gadar Jamrat mai hawa-hawa da aka sake ginawa bayan turmutsutsun 2006, duk wannan ilimin ne da kuke musu a kai. A jami'ar Ummul Ƙura ta Makka akwai cibiya guda da aikinta binciken Hajji da Umra. Mu kuwa sau da yawa akan ɗauki mutum a ba shi alhazai ɗaruruwa, bai taɓa tafiyar da mutum hamsin ba. Alhaji Baba, don Allah ka sa wannan a ma'auni. Ba dina kaɗai ake nufi da taro ba. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da jami'ar Ɗanfodiyo ke shiryawa taro ce. Auren gata da gwamnatin Kano ta yi wa ma'aurata 1,800 a 2023 taro ne. Kasuwar baje koli ta Kaduna taro ce. Rabon zakka ma taro ne, kuma an sha rasa rayuka a wurinsa.

Alhaji Baba Tudun Wada:
Na ji, kuma na karɓi wannan. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya: a san hannun wa za a damƙa yarinya, kuma a sa mata iyaka tun yanzu, kafin kuɗi su fara shigowa.

Anti Mai Ado:
Wannan daidai ne Baba. Maman Ummi, ƙarin abu ɗaya da ya kamata Ummi ta ji da kunnenta. Abin da take gani a Instagram shi ne minti goma na ƙarshe. Aikin tsayuwa ce daga asuba, ciwon baya, zagin da ba ke kika jawo ba, da bin bashi bayan an watse. Kasuwar ma tana da lokaci: kafin azumi da bayan salla da ƙarshen shekara ba ki da hutu, a watan azumi kuwa biki ya tsaya cak, damina ma rumfa ba ta da tabbas. Wadda ba ta iya ajiya ba za ta sha wuya. Shi ya sa ni da za a mayar da ni baya, harkokin kasuwanci ko kula da baƙi zan karanta, in riƙa bin mai sana'a a kowane hutu, lokacin SIWES, wato horon aiki da ake tura ɗalibai, in nemi otal mai ɗakunan taro, in yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tun ina aji uku. Ko ba ta ci gaba da biki ba, takardar za ta yi mata aiki a wani wuri.

Maman Ummi:
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, ya raya muku zuri'a. Jiya bayan Isha na miƙa wa Abbanta wayar ya karanta da kansa tun daga sama. Ya daɗe a kan maganar Tsohon Jami'in Alhazai, domin yayansa a Mina ya rasu a shekarar. Bai ce ya amince ba tukuna. Ya ce a duba kundin JAMB a kawo masa sunayen makarantun da ke yin kwas ɗin kula da baƙi da na kasuwanci, kuma kafin a rufe cike fom yana so ta bi wata babbar mace ta ga aikin da idonta, ba a waya ba. Hajiyar Gwale, ko za ki taimaka mini da wannan? Zan biyo ki ta akwatin sirri.

Hajiyar Gwale:
Ki turo mini ita, 'yata ce. Ina da wuni ranar Asabar da walima ranar Lahadi, duka na mata. Amma Alhamis za ta fara, don ranar ake zuwa kasuwa, ina so ta ga yadda ake cinikin kaji da yadda kuɗi ke narkewa. Ta zo ƙarfe bakwai, da takalmi marar tsini da littafin nan nata. Ni ma ina da buƙata a wurinta: ta zauna da ni ta rubuta mini kasafin bikin nan a takarda, layi-layi, irin wanda waɗancan mutanen suka nema na kasa kawowa. Ki gaya wa Alhaji kafin Magariba ɗana zai dawo da ita har ƙofar gida.